Hoax: daga bakin fada ta fito ko daga bakin ɗan dabo?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu duba kalmar hoax, wadda Turawa ke faɗa idan an kitsa ƙarya da gangan aka sa jama'a suka hau suka zauna. Ni dai matsayina shi ne asalinta izgili ne ga ibadar 'yan Katolika. A cocinsu, idan fada, wato limaminsu, zai keɓe gurasa yakan faɗi kalmomin Latin hoc est corpus meum, wato "wannan jikina ne". Da Ingila ta fita daga ƙarƙashin Paparoma, sai 'yan Furotesta suka murɗe kalmomin suka mai da su hocus pocus, don su nuna cewa abin da fada ke yi rufa-ido ne. 'Yan dabo suka ɗauka suna faɗa a wajen wasa. Daga baya aka gutsure ta ta zama hocus, wato a yaudari mutum, ita kuma ta tsuke ta zama hoax. Ba shaci-faɗi nake yi ba. John Tillotson, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a 1691, shi ya rubuta haka, kuma a ƙarnin da kalmar ta ɓullo ya rayu. Wa zai fi shi sani?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam Malam. Magana biyu ka haɗa wuri guda, ƙarfinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Cewa hoax daga hocus ta fito magana ce daban, cewa hocus pocus daga addu'ar fada ta fito ita ma daban. Ta farko tana da madogara. Ta biyun ce nake ja da ita.

Mu fara da shi Tillotson ɗin. An haife shi a 1630. Hocus pocus kuwa ta riga ta shiga littattafai tun shekarun 1620, kafin ya zo duniya. Maganar da kake nufi ya yi ta ne a wata maƙala ta 1684, wato wajen shekara sittin bayan fitowar kalmar a rubuce. Saboda haka ba ganau ba ne. Sannan a duba maƙalar mece ce: raddi ce a kan aƙidar Katolika ta cewa gurasa da ruwan inabi suna rikiɗa su zama jiki da jinin Almasihu. Mutumin da ya zauna don ya karya wata aƙida, sai ya ce ai kalmomin 'yan dabo ma daga wajen masu wannan aƙida aka kwaikwayo su, wannan jifa ce a cikin muhawara. Kuma shi kansa bai ce ya tabbata ba. Cewa ya yi bisa dukkan alamu haka ne. Bai kawo sunan wanda ya fara murɗe kalmar ba, bai kawo takarda ba, bai ce ya ji daga wani tsoho ba. Masu yaɗa maganar yau su suka cire "bisa alamu" suka bar sauran.

Malam Sabi'u: To Malama, tunda kin kawo shekarun 1620, mu tsaya a nan. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka ga kalmar a rubuce littafin John Gee ne na 1624, kuma littafin nan gaba ɗayansa suka ne ga limaman Katolika, yana zarginsu da shirya fatalwar ƙarya don su ja mutane zuwa addininsu. Ashe kin ga tun ranar farko kalmar a cikin rigimar addini take.

Malama Hadiza: A duba yadda ya yi amfani da ita, Malam. Gee cewa ya yi kamar a wajen wani ɗan dabo Hocas Pocas limaman nan suka koyi sana'arsu. Wato a wajensa Hocas Pocas sunan ɗan dabo ne da mai karatu ya riga ya sani, shi ya sa ya kwatanta su da shi. Da a ce ya san kalmar daga bakin limaman aka samo ta, wace dama ce ta fi wannan ya faɗa? Mutum mai neman abin suka ruwa a jallo, ga makami a hannunsa, bai ɗauka ba. Kuma lura da rubutun: Hocas Pocas, da a. Ben Jonson, marubucin wasan kwaikwayo na wannan zamanin, Hokos Pokos ya rubuta, shi ma a matsayin sunan ɗan dabo mai rigar wasa. Idan corpus ce uwar kalmar, a tsofaffin rubuce-rubuce ya kamata a fi ganin kamarta, sai ga shi ko r ɗin ba a gani.

Bulus: Barkanmu da war haka. Bari in gyara wani abu a kan ibadar kanta, don ana yawan kuskure a nan. Kalmomin da fada ke faɗa a tsohon tsarin Latin biyar ne: hoc est enim corpus meum. Akwai enim a tsakiya. Masu son su kusantar da ita da hocus pocus sukan jefar da enim da meum su bar uku. Na biyu, a tsohon tsari, wanda Paparoma Pius na Biyar ya daidaita a 1570, wannan ɓangaren addu'ar a hankali ake yinsa. Fada yana fuskantar bagade, ya ba jama'a baya, ya sunkuya kan gurasar ya faɗi kalmomin ƙasa-ƙasa. Abin da jama'a ke ji shi ne ƙararrawa, abin da suke gani kuma ɗaga gurasar sama. Labarin da ake bayarwa wai talakawa ne da ba su jin Latin suka ji fada yana faɗa suka kasa maimaitawa daidai, wannan bai dace da yadda ake yin ibadar ba. Ƙari a kan haka, tun 1559 a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya doka ta hana wannan ibada a Ingila. Wanda yake ɗan shekara arba'in a Landan a 1620 bai taɓa ganin an yi ta a bainar jama'a ba.

Amma Malam Sabi'u, kada in zalunce ka. Rashin jin ta a coci ba ya nufin ba a san kalmomin ba. Masu ilimi sun san su sarai, don a kansu aka yi ta fafatawa. A taron Marburg na 1529 Martin Luther da alli ya rubuta su a kan tebur yana jayayya da Zwingli, wani jagoran Furotesta irinsa. Saboda haka idan izgili ne, daga wajen masu karatu zai fito, ba daga kunnen talaka ba.

Alhaji Ɗanjuma: Ku yara kuna ta zancen coci kun manta da mai sana'ar. Akwai shaidar da ta girmi ta Tillotson da kusan shekara talatin. Thomas Ady, wani likita da ya rubuta littafi wajen 1655 yana yaƙi da kashe mutane da sunan maita, ya ba da labarin wani ɗan dabo na zamanin Sarki James na Ɗaya, wanda ya yi mulkin Ingila daga 1603 zuwa 1625. Mutumin yana kiran kansa Hocus Pocus na Mai Martaba Sarki. Ady ya ce sunan ya bi shi ne don duk dabon da zai yi sai ya ce hocus pocus, tontus talontus, vade celeriter jubeo. Ya kuma faɗi amfanin kalmomin: surkulle ne don a ɗauke hankalin 'yan kallo kada su gano dabarar. Ady ɗan Furotesta ne mai zafi, bai raga wa Katolika ba a littafin, amma bai ce daga addu'arsu aka samo ba.

Ku dubi jimlar da kyau. Vade celeriter jubeo Latin ne na gaske, ma'anarsa "tafi da sauri, na umarta". Tontus talontus kuwa ba ta da ma'ana ko kaɗan, an dai liƙa mata us ne a ƙarshe don ta yi ƙamshin Latin, harshen malamai da likitoci da lauyoyi a lokacin. To idan tontus talontus ƙirƙira ce, me zai hana hocus pocus da ke gabanta ta zama irinta? Ƙirarsu ɗaya, amonsu ɗaya.

Sai an san yadda dabon yake kafin a gane me ya sa ake buƙatar irin waɗannan kalmomi. Babban wasansu shi ne na kofuna da ƙwallaye, kuma littafin Hocus Pocus Junior na 1634 ya yi bayaninsa dalla-dalla. Kofi uku ne na ƙarfe, masu faɗin baki da tsukakken gindi, gindin ya ɗan lotsa ciki yadda idan an kifa ɗaya a kan ɗaya ƙaramin ƙwallo zai zauna a tsakaninsu ba a gani. 'Yan kallo ƙwallo uku suke gani, alhali huɗu ne. Na huɗun yana maƙale a hannun dama, a gindin yatsu. Ana yin ƙwallayen da toton murfin kwalba don ba shi da nauyi kuma ba ya ƙara idan ya taɓa ƙarfe. Ɗan dabo zai yi kamar ya sa ƙwallo a hannun hagu ya dunƙule, amma yana nan a dama. Zai ɗaga kofi da daman ya nuna babu komai, wajen mayarwa ya saki ƙwallon a ƙarƙashi. A nan an gama aiki. Sai bayan haka zai ɗauki sanda ya buga hannun hagun da babu komai a ciki, ya ɗaga murya ya yi surkullensa, ya buɗe hannu wayam, ya ɗaga kofi ga ƙwallo.

Kun ga amfanin kalmomin ke nan. Suna sa ɗan kallo ya ɗauka yanzu ne abin ke faruwa, ya zuba ido a lokacin da babu sauran abin gani. Inda wasan ke ɓaci kuwa sananne ne: hannun da ke riƙe da ƙwallo ya sandare ya bambanta da ɗayan, ko idon mai wasan ya bi hannun da ke da laifi, ko wani ya tsaya ta gefe ya hango tsakanin yatsu, ko ƙwallo ya bugi kofi ya yi ƙara. Surutu mai amo yana rufe na ƙarshen nan, yana kuma ja da idon mutane zuwa fuska. Ba ma'ana ake nema a kalmomin ba, kiɗa ake nema. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan dabo a kasuwa ran cin kasuwa ya san bakinsu ba ya hutawa.

Malama Hadiza: Allah ya ƙara girma Baba. Kuma akwai abin da ke ƙarfafa maganarka. Reginald Scot ya fitar da littafinsa kan maita a 1584, ya tona asirin dabo iri-iri, ya jero kalmomin da 'yan dabo ke faɗa a zamaninsa, irin su passe passe. Shi ma ba ya ƙaunar Katolika ko kaɗan, yana yawan kwatanta limamansu da masu rufa-ido. Babu hocus pocus a ciki. Wato shekara ashirin da biyar bayan hana ibadar, lokacin da zafin rigimar yake kan ganiyarsa, kalmar ba ta cikin jakar 'yan dabo. Sai a zamanin James ta bayyana, tare da mutum guda mai wannan suna. Masu binciken tarihin wasanni sun gano wani William Vincent da aka ba lasisin yin dabo a 1619, wanda takardun hukuma suka kira da laƙabin Hocus Pocus.

Ga kuma ɗabi'ar Turanci kanta. Harshen yana son tagwayen kalmomi masu amsa juna, ta farko ta fara da h: hurly-burly, helter-skelter, hodge-podge, higgledy-piggledy, hanky-panky. Ukun ƙarshe ma h da p ne, daidai da tamu. Ba a buƙatar fada kafin Bature ya ƙera irin wannan.

Malam Sabi'u: Na ji, amma ban sauka ba tukuna. Ku fita daga Ingila ku gani. A Holan cewa suke yi hocus pocus pilatus pas. A Denmak da Norwe da Suwidin hokus pokus filiokus. Bulus, kai ka fi ni sanin daga ina Pilatus da filiokus suka fito.

Bulus: Daga kalmar shaidar bangaskiya ta Latin, babu ja. Akwai inda ake cewa sub Pontio Pilato passus, wato ya sha wahala a ƙarƙashin Bilatus Babunti. Pilatus pas ke nan. Filioque kuma ma'anarta "da Ɗan", ita ce kalmar da ta zama ɗaya daga cikin dalilan rabuwar cocin Roma da cocin Gabas. Wannan shaidar kuwa da ƙarfi ake rera ta, jama'a suna ji. A nan kam Malam Sabi'u yana da abin riƙewa: ƙasashen nan a tarihi duk na Furotesta ne galibi, kuma a fili yake an tsinci Latin ɗin coci an zuba a surkullen wasa.

Malama Hadiza: Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi Malam, na yarda. Amma abin da ta nuna shi ne mutanen waɗannan ƙasashe sun ji hocus pocus ta yi musu kama da Latin ɗin coci, suka ƙara mata jela daga can. Ba ta nuna daga ina kan ya fito ba. Jelar ma ba ɗaya ba ce: Jamusawa fidibus suke ƙarawa, wadda ba ruwanta da coci, sunan 'yar takardar da ake kunna lofe da ita ne. Littafin 1634 ɗin nan an fassara shi zuwa Jamusanci a cikin ƙarnin, saboda haka hanyar da kalmar za ta bi daga Ingila ta tsallaka teku a buɗe take. Kafin pilatus pas ta zama hujjar asali sai an kawo ta a rubuce da shekarar da ta riga 1620. Kuma Jamusawa suna da nasu ɗan takarar: wani surkulle na ƙarni na 16, hax pax max deus adimax, da ɗalibai masu yawo ke yi, wanda wasu ƙamusoshinsu ke dangantawa da ita. Akwai ma wanda ya ce sunan wani matsafin mutanen arewacin Turai ne, Ochus Bochus, amma wannan ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci.

Nura: Anti Hadiza, ni tambayata a kan ɗaya rabin ne. Kin ce hoax daga hocus tana da madogara. Ni a ido ban ga kama ba. Ina oa, ina x?

Malama Hadiza: Rufe ido ka saurara da kunne, Nura. Hocus ana faɗinta ho-kəs, nauyin yana kan gaɓar farko, wasalin gaɓa ta biyu rarrauna ne ƙwarai. Ka faɗe ta da sauri wasalin ya faɗi, ka sami hoks. To oa hanya ce ta rubuta dogon o, kamar a boat da coat, x kuma ks ce. Harshen ya yi haka a wasu wurare. Pox, sunan cutar ƙuraje, a da pocks ake rubutawa. Wadda ta fi kusa ma ita ce coax, wato lallashi: asalinta cokes, wawa, sai ta zama aikatau mai nufin a mai da mutum wawa, daga baya rubutun ya koma coax. Ƙirar rubutu ɗaya da tamu.

Ta fuskar ma'ana ma layin bai karkace ba. Hocus ta fara da nufin ɗan dabo, ta koma mayaudari, a ƙarshen ƙarni na 17 kuma ana amfani da ita a matsayin aikatau, a yi wa mutum wayo. Hoax ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 18. Ƙamus ɗin Francis Grose na kalmomin 'yan tasha, bugun 1796, ya kawo hoaxing da ma'anar zolaya da yi wa mutum ba'a, ya ce salon 'yan jami'a ne. Robert Nares ne a 1822 ya rubuta cewa daga hocus take.

Inda raunin yake shi ne giɓi. Tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da fitowar hoax, wajen shekara ɗari, ba a cika samun hocus a rubuce da ma'anar yaudara ba, kuma babban ƙamus na Oxford da kansa ya nuna wannan giɓin. Shi ya sa ƙamusoshi ke cewa "mai yiwuwa" ko a nan. Abin da ke rage damuwa shi ne kalmar ba ta mutu a baka ba. Grose a bugun farko na 1785 ya kawo hocus da ma'anar buguwa, mutum ya sha ya yi tatil. A ƙarni na 19 kuma ana cewa an yi hocus ɗin abin shan mutum idan an zuba masa maganin barci don a cuce shi, har marubuci Charles Dickens ya yi amfani da ita haka a kan masu jefa ƙuri'a da aka bugar don kada su je rumfar zaɓe. Kalmomin 'yan tasha sukan daɗe a baki kafin alƙalami ya kula da su.

Alhaji Ɗanjuma: Sabi'u, ai mu ma muna da irin wannan a gida. Shekara nawa ana koya wa yara cewa boko daga book ta Turanci take? Kowa ya ji ya ce ai a fili yake. Sai masanin harshe Paul Newman ya bi diddigi a 2013 ya nuna kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin algus da abin da ba na gaskiya ba. Tana nan a ƙamus ɗin Bargery na 1934 da waɗannan ma'anoni, ga kuma amaryar boko da ake yi a biki. Ya kuma nuna cewa da daga book aka aro ta, ba boko za ta ba mu ba, tunda wasalin ba haka yake shigowa Hausa ba. Kama da wane ba ta wane.

Malam Sabi'u: Allah ya ja kwana Baba, misalin ya yi, sai dai akwai bambanci. Kalmar aro tana bin ƙa'idar sauti, shi ya sa ake iya kama ta idan ta saɓa. Izgili kuwa ba ya bin ƙa'ida. Mai son ya yi wa magana ba'a da gangan yake lanƙwasa ta, ya sa ta yi amo. Saboda haka cewa babu r, ko c ta zama p, bai kashe maganata ba.

Malama Hadiza: Gaskiya ne, bai kashe ta ba. Amma ka lura da abin da ka yi yanzu: ka fitar da ita daga inda za a iya gwada ta da sauti. Idan sauti ba zai yi hukunci ba, saura takarda. Takardun da ke hannu kuwa, na 1624 da na Jonson da na 1634 da na Ady, duk ɗan dabo suke nunawa, na farko da ya ambaci fada shi ne na 1684.

Barista Ummi: Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofa, don kuskuren da ya fi yawa a aikace ba na asali ba ne, na fassara ne. Ana yawan juya hoax a ce damfara ko zamba. Ba daidai ba ne a mafi yawan wurare. Damfara sai da abin da aka karɓe: a yi maka ƙarya, ka yarda, ka miƙa kuɗi ko kaya. Shi ne laifin da sashe na 419 na kundin laifuffuka na kudancin Najeriya ya yi magana a kai, a Arewa kuma kundin Penal Code ya kira shi cuta. Turawa suna da kalmominsu na wannan, fraud da swindle da con. Ita con ɗin gutsuren confidence man ce, laƙabin da jaridun New York suka ba William Thompson a 1849, mutumin da kan tare baƙo cikin shiga ta mutunci ya tambaye shi ko ya amince da shi har ya ba shi ajiyar agogonsa zuwa gobe.

Hoax ba sharaɗi ba ne a karɓi ko sisi. Ku dubi wadda ta yi suna a Landan a 1810. Theodore Hook ya aika wasiƙu barkatai da sunan wata mata da ke gida mai lamba 54 a titin Berners. Tun asuba masu sharar bututun hayaƙi suka fara ƙwanƙwasa ƙofa, sai amalanken gawayi, masu kek ɗin biki, likitoci, lauyoyi, masu ɗauke da akwatin gawa, masu kawo piyano, har da magajin garin Landan, kowa da takardar kira a hannu. Titi ya toshe har dare. Bai karɓi ko kwabo daga waɗanda ya yaudara ba, abin da yake so ya gani ke nan. Haka ta 1835, da jaridar Sun ta New York ta yi kwanaki tana buga labarin wai masanin taurari John Herschel ya hango mutane masu fikafikan jemage a duniyar wata.

Saboda haka mai fassara ya duba abin da aka yi. Idan labari ne aka ƙaga aka watsa, labarin ƙanzon kurege ko labarin bogi. Idan wasa ne da hankalin mutane, a ce an yi wasa da hankalinsu ko an raina musu hankali. Idan kiran waya ne wai an dasa bam alhali babu, barazanar ƙarya ce, kuma wannan ya wuce zolayar 'yan jami'a, a Ingila laifi ne na ɗauri a ƙarƙashin dokar 1977. Ji-ta-ji-ta kuwa ba ta shiga nan, don ita ba lallai a sami wanda ya zauna ya kitsa ta ba.

Nura: To Piltdown fa, Barista? Ƙoƙon kan da aka ce na mutumin farko ne. Na ga wasu suna kiranta hoax, wasu fraud.

Barista Ummi: Don tana kan iyaka ne. A 1912 Charles Dawson ya gabatar da ƙoƙon kan mutum da muƙamuƙin biri, an goge haƙoran da zarto, an rina ƙasusuwan su yi kamar sun tsufa, ba a tona ba sai 1953. Ba kuɗi aka karɓa ba, suna aka nema a wajen masana. Wanda ya kalli yadda aka wawaitar da jama'a zai ce hoax, wanda ya kalli ribar da mai yin ya nema zai ce fraud. Da Hausa ni algus zan ce, don haɗa abu biyu aka yi aka sayar da sunan ɗaya.

Malam Sabi'u: Malama Hadiza, zan daina cewa tabbas ne, amma ba zan daina cewa mai yiwuwa ne ba, saboda pilatus pas ba ta bar ni ba. Idan zan nemi takardar da kika ce, ta ina zan fara?

Malama Hadiza: Fara da rumbun EEBO, inda aka tara littattafan Turanci da aka buga kafin 1700, ka taƙaita neman daga 1559 zuwa 1624. Kada ka nemi rubutu ɗaya. Gwada hocas, hokos, hocos, hokus, kowanne shi kaɗai ba tare da pocus ba, don marubutan lokacin ba su da tsayayyen rubutu. Abin da kake nema shi ne wuri guda da kalmar ta zo kusa da hoc est corpus a shafi ɗaya, marubucin yana haɗa su. Kada ka yarda da shekarar da na'ura ta nuna maka sai ka buɗe shafin farko na littafin ka gani, don sau da yawa bugu na baya ne da aka yi wa ƙari aka bar masa shekarar bugun farko. Idan kuma ka koma Google Books, ka tuna tsohuwar s doguwa ce mai kama da f, na'ura tana karanta est a matsayin eft, sai ka nemi hoc eft corpus ma. Na Holan ɗin kuma babban ƙamus ɗinsu na tarihi, WNT, yana kan intanet kyauta, kowace kalma da shekarun misalanta.